Amyar da Na Sauke daga Tsamiyar Yaya

Ni tela ne, shagona yana cikin kasuwar Nguru, kuma na fi shekara talatin ina taka keke. Amma duk wanda ya san ni ya san ɗinki don tuwo nake yin sa. Abin da ke raina zuma ce. In ka kawo mini yadi ka ce kana so kafin Juma'a zan ce maka in Allah ya yarda, kai ma ka san in lokacin ɗiban zuma ne gara ka nemi wata rigar ka tafi masallaci.

Gado na yi. Da mahaifinmu ya rasu aka raba abin da ya bari, gonar da ke kan hanyar Gashua, kafin ka kai Jajimaji, ta faɗa hannun yayana, ni kuma na ce a bar mini amyoyi. Tara ne a lokacin. Wanda bai taɓa ganin amya ba, ɗakin zuma ne: a saƙa ciyawa kamar doguwar ganga, a shafe cikinta da kashin shanu, a turara ta, a rufe bakin da faifai mai 'yar ƙofa, sannan a ɗaure ta can sama a kan reshe. Takwas sun mutu a hannuna ɗaya bayan ɗaya. Wasu fari ya kore su, wasu feshin da ake yi wa wake ya kashe su, kuma duk itacen da ya wayi gari ba zuma a kansa, ba ya shekara sai ka tarar da kututture.

Ta taran tana kan wata tsamiya a tsakiyar gonar Yaya. A wajenmu akwai al'ada, ba a rubuta ta a ko'ina ba amma har bulama, mai garinmu, ya san ta: itacen da zuma ke zaune cikin amya a kansa ba a sa masa gatari, ko da mai gonar ne da kansa. Gona ta Yaya ce, tsamiya tasa ce, amma muddin zumata tana ciki sai dai ya kalla. Shi kuwa ba ya ƙaunar itacen nan ko kaɗan. Kullum ƙorafinsa inuwarta ta cinye masa wurin da zai ba da damin gero goma. Duk shekara in mun haɗu a gona sai ya ɗaga kai ya ce, "Wai yaushe zumar nan taka za ta tashi?" Ni kuma in ce, "Ranar da ka daina tambaya, Yaya." A haka muka yi shekaru, kuma ni na ɗauka gero ne ke damunsa.

Sai aka kafa ƙungiyar masu kiwon zuma ta yankinmu, na shiga tun da wuri. Muna taruwa sau ɗaya a wata, ranar Asabar, wannan watan a Nguru, na gaba a Gashua, a wani aji da ake ara mana. Akwai Badawa daga wajen Dagona, akwai makiyaya masu rataye amya kusa da garkensu, akwai manoma, har da wani ɗan kasuwa da bai taɓa shan harbi ba amma ya fi kowa baki. Shi muka zaɓa ciyaman, don dai mu huta.

Ba zan ci amanarsu ba, sun yi abin kirki. Mu muka bi gona-gona muna roƙon masu wake da kankana su bar feshi da safe lokacin da fure ke buɗe, su bari sai yamma in zuma ta koma gida. Wasu sun ji, wasu sun ce mu je mu yi wa zumar wa'azi ta daina shiga gonar mutane. Mun raini 'ya'yan kurna da magarya da zogale mun raba kyauta. Da bazara muna ajiye kwanon ruwa da 'yan tsinkaye a ciki don zuma ta sha ba ta nutse ba. A nan na koyi ɗiban zuma da hayaƙi maimakon wuta, kuma na yarda, yadda mahaifinmu ke yi da bakin wuta rabin zumar ake ƙonawa. Har farar rigar nan mai raga a fuska na ɗinka wa kaina, maƙwabtana na kasuwa suka sa mini suna ɗan sama jannati. Ban damu ba, ina jin daɗin a ce ni ne na gaba.

Mai koyar da mu wata malama ce da ta karanci aikin gona, sa'ar 'yata ta fari. Tana da ilimi, tana da ladabi, kuma ba ta tsoron zuma ko kaɗan. Ita ta kawo mana shirin akwati. Kowane ɗan ƙungiya za a ba shi akwatin katako guda, a ɗora shi a kan ƙafar ƙarfe a ƙasa, ba hawa ba igiya. Don kada a yi ta jiran zuma ta shiga da kanta, wanda ke da amya mai rai sai a sauke ta a kwashe zumar a zuba cikin akwati. Ta dube ni a gaban kowa ta ce, "Baba, shekarunka sun wuce hawan itace. Da kai za mu fara."

Wani dattijo daga Dagona, masunci ne kuma tsohon mai zuma, shi ke zaune kusa da ni. Ya taɓa gwiwata ya ce a hankali, "Malam tela, kar ka sauke. Aje akwatin a gindi, in ta ga dama ta sauko da kanta." Na ji shi sarai. Amma an ce da ni za a fara, har an tafa mini, sai na ga ai tsoho ne, bai san zamani ba. Maganar al'ada kuwa ko tuna ta ban yi ba. Shekara da shekaru ita ke tsare mini itacen, na saba da ita har na manta tana nan.

Bayan ɗaukewar ruwa muka yi aikin, da sassafe, ni da malama da mutum biyu na ƙungiya. Na hau na kwance amya na zuro ta ƙasa da igiya. Muka tsaga ta, muka yanko saƙa ɗaya bayan ɗaya muka ɗaura a sandunan akwati da zaren shagona. Malama ta gano sarauniyar ta sa ta ciki da hannunta. Sai ta duba gindin tsamiya ta ce tururuwa ta yi yawa a nan, a kai akwatin can bakin shinge. Wurin fili ne, ba inuwa, ga akwatin yana warin fenti. Raina bai kwanta ba, amma na yi shiru, don in ka yarda ka bi malami ba ka tsaya kana gyara masa karatu.

Kwana huɗu na koma. Tun daga nesa na san babu, don wanda ya saba da zuma kunnensa ke fara gaya masa. Na ɗaga murfi na tarar da saƙa ta yi laushi ta zube, zaren yana lilo, sai 'yan matattu a ƙasan akwati. Zumar da ba ta taɓa barin amyar nan ba tun mahaifinmu na da rai, ni na kore ta cikin kwana huɗu. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ba na ɓoyewa. Haushin malama na ji, na ji na ƙungiya, amma wanda ya fi ci mini rai haushin kaina ne.

Ina nan zaune Yaya ya iso. Bai dubi akwati ba. Ya wuce gindin tsamiya ya ɗaga kai ya kalli reshen, inda igiya ta bar sawu a jikin ɓawo.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Da hannunka ka sauke."

Na ce, "Zan mayar da wata."

Ya ce, "Mayar da goma. Amyar da ba zuma ai ciyawa ce."

Na garzaya wajen bulama. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, akwai zuma a kan itacen yanzu?" Na ce babu. Ya ce, "To me kake so in ce wa yayanka?" Kafin mako ya zagayo na ji Yaya ya gama magana da masu kai wa gidajen burodi itace a Gashua. Su ba gatari suke zuwa da shi ba, inji ne, kuma ba ruwansu da abin da ake cewa game da mazauna tsamiya. Sun sa masa rana, Asabar ta sama.

Asabar ɗin da ke gabanta kuwa ranar taronmu ce a Gashua. Na shiga mota na je. Ciyaman yana tsaye yana bayanin bikin ɗanɗana zuma da za a yi, wa zai kawo kujeru, wa zai gayyato baƙi. Na miƙe tun bai kai aya ba.

Na ce, "Ciyaman, kafin a ɗanɗana ta wasu, a zo a ga tawa."

Ya ce, "Malam, a yi haƙuri, wannan ba ya cikin ajanda."

Na ce, "To a sa shi. Kun ce mu dasa itatuwa, na dasa. 'Ya'yan kurnar da muka raba ko gwiwata ba su kai ba, akuya ma ta cinye rabi. Ga tsamiyar da ta girmi kakan kowa a ɗakin nan, shirinku ya tsiraita ta, Asabar mai zuwa za ta shiga tandar burodi. Ku kuna nan kuna rabon kujeru."

Muna da wani shiri na ziyara, duk wata a je a ga wurin kiwon mutum ɗaya, amma kullum wanda akwatinsa ya cika ake zaɓa, a ɗauki hoto kowa yana murmushi. Na ce wannan karon tawa za a je, kuma ranar Asabar, a ɗauki hoton akwatin da ba komai ciki a ajiye shi kusa da sauran. Ciyaman ya fara cewa ai sai kwamiti ya zauna. Malama ce ta katse shi. Ta miƙe ta ce, "Za mu zo, Baba. Ni na ce a sauke, ni na ce a kai akwatin rana." Na so ta yi musu in samu abokin faɗa, ta ƙi ba ni. Dattijon Dagona bai ce ai na gaya maka ba, kuma har yau ina ganin girmansa saboda wannan.

Makon nan ban buɗe shago ba. Na yanko ciyawa na zauna a tsakar gida ina saƙa, matata tana wucewa tana cewa masu ɗinki sun zo har sau uku. Na ce ta ce musu tela ya yi tafiya. Wani makiyayi ɗan ƙungiya ya kawo mini ɗanyen kashin shanu a bokiti tun daga garkensa. Dattijon Dagona ya aiko direba da saiwar jema da curin tsohon kaki. Na haɗa da ƙaro da ganyen ɗoɗɗoya kamar yadda mahaifinmu ke yi, na kifa amya a kan kasko ta sha turare kwana biyu, har maƙwabciyarmu ta leƙo tana tambaya ko biki za mu yi. Na san zuma ba a aika mata goron gayyata. Tana iya shiga cikin mako, tana iya shekara ba ta waiwayo ba. Duk da haka na ce ba za a sare itacen nan reshensa yana wofi ba.

Ranar Asabar na riga kowa isa. Na ɗaura bakin igiya a amya, ɗayan bakin a ƙuguna, na kama tsamiya. Gwiwoyina suka gaya mini malama ba ƙarya ta yi ba, na ce su yi mini shiru. Na kai reshen, na jawo amya sama, na zauna ina mayar da numfashi. Daga nan na hango motar 'yan ƙungiya ta tsaya a bakin hanya, mutum bakwai suka fito. Ba a jima ba sai ga masu inji su uku, Yaya yana biye da su a kan babur.

Babbansu ya zo gindi ya sa hannu a goshi yana kallona. Ya gaishe ni da Barbarci ya ce, "Wushe, Baba. Sauko mana, mu aiki aka ɗauko mu."

Na ce, "Ku yi aikinku, ban riƙe muku hannu ba."

Ya ce, "Akwai zuma a cikin abin nan?"

Na ce, "Babu. Ni kaɗai ne."

Ya juya ya kalli Yaya. Ciyaman ya ga dama ta samu, ya matsa kusa da Yaya ya shiga yi masa bayanin yadda zuma ke sa wake ya yi 'ya'ya, da yadda itace ke riƙe ƙasa. Gaskiya yake faɗa, kuma ya iya faɗarta, amma Yaya ko kallonsa bai yi ba. Idonsa yana kaina.

Ya ce, "Kai, sauko."

Na ce, "Sai na ɗaure."

"Na ce ka sauko. Da girmanka, da jikokinka, kana lilo a kan itace mutane na kallo."

Na ce, "Su kalla. In za ka sare ta, Yaya, sare ta da ni."

Na juya na ci gaba da aikina. Amya sai an kwantar da ita a tsakanin rassa biyu, bakinta ya ɗan sunkuya don kada ruwa ya shiga. Na miƙa hannu zan zagayo da igiya ta bayan reshe, sai ƙafata ta hagu ta zame. Ban faɗi ba, na rungume reshen da hannu biyu, hulata ce kawai ta tafi ƙasa. Amma na ji Yaya ya ƙwala mini kira da wani suna da rabona da jin sa tun ina yaro. Da na leƙo, yana tsaye daidai ƙarƙashina, ya buɗe hannuwa, tsoho ɗan shekara saba'in wai zai tare ni.

Ya ce, "A nan na tsince shi. Daidai nan da nake tsaye. Kai kana Nguru kana koyon ɗinki, ni na goya Baba daga nan har gida. Shekara uku ina juya shi a kan tabarma, ina wanke shi. Kai sai ka zo ran Juma'a da tsire ka koma. Kana tsammani gero nake yi wa? Allah ya tsine wa geron! So kake in goya na biyu?"

Na san mahaifinmu daga tsamiyar nan ya faɗo, kowa a gidanmu ya sani. Amma ni abin da nake tunawa da shi turarensa ne da yadda yake saƙa. Faɗuwar ba a gabana aka yi ba, sai na bar wa Yaya ita shi kaɗai, ban taɓa tambayarsa ko da sau ɗaya ba. Kunya ta kama ni a kan reshen nan, irin wadda ban taɓa ji ba.

Duk da haka ban sauko ba. In na sauko a lokacin, tsamiya ta tafi, kuma na san har mu mutu ba za mu ƙara haɗa ido ba tare da ita a tsakaninmu ba.

Na ce, "Yaya, ka yafe mini, ban kyauta maka ba. Amma Baba shi kaɗai ya hau, ba wanda ya riƙe masa igiya. Ni ba zan bar itacen nan ba. In tsoro kake ji, ga ta, kama."

Na kwance igiyar daga amya, na ratayo ta a kan reshen da ke samana, ɗayan bakin yana ƙuguna, na sakar masa sauran. Ta sauka tana reto a gabansa. Malama ta yi kamar za ta kama, dattijon Dagona ya riƙe mata hannun riga. Yaya ya daɗe yana kallon igiyar. Sannan ya naɗe ta a hannunsa sau biyu, ya ja baya ya kafe ƙafa.

Ya ce wa masu inji, ba tare da ya waiwaya ba, "Ku tafi. Ba yau ba."

Babbansu ya yi ta gunaguni a kan man da suka ƙona, ciyaman ya ja shi gefe, nan dai bakinsa ya yi mana rana. Ni kuma na ɗaure amyata da guntuwar igiyar da ke aljihuna, ƙulli uku, na sauko Yaya yana sassauta mini kaɗan-kaɗan yana zagina har ƙafata ta taɓa ƙasa.

Zuma ba ta shiga ba sai bayan kwana ashirin da uku, kuma duk kwanakin nan ban yi barcin kirki ba, don "ba yau ba" Yaya ya ce, bai ce har abada ba. A taro na gaba malama ta tsaya ta ce daga yau ba a ƙara sauke wa kowa amya mai rai, akwati a gindi za a aje shi, a inuwa. Nawa yana nan gindin tsamiya da toka a ƙafafunsa saboda tururuwa, bara ma zuma ta shige shi da kanta. Ina nan cikin ƙungiya, ina kuma nan ina katse ciyaman.

Yaya bai taɓa cewa ya haƙura da itacen ba. Yana nan a kan bakansa, ranar da zuma ta tashi zai kira masu inji. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, kada in kuskura in hau ba ya nan. Sau biyu a shekara sai in biya ta gidansa in ɗauko shi, ya riƙe igiya, ya zage ni tun daga hawa har sauka. A ɗiban bana, ina can sama, na ji ya yi shiru. Na leƙo na ga yana kallon hannuwansa.

Ya ce, "Sun fara rawa. Ka nemi wanda zai riƙe maka baɗi."

Na ce, "Ba ni da wani, Yaya."

Ya ƙara naɗa igiyar sau ɗaya a hannunsa, ya ce in sauko a hankali.